Yadda Ake Zuba Kankaren Hanyar Mota a Gida Ya Daɗe Bai Tsage Ba

Tun da aka fara yayin shimfiɗe tsakar gida da kankare, tambayar da aka fi yi mini ita ce: me ya sa nawa ya tsattsage tun kafin ya shekara, alhali ban yi rowar siminti ba? Idan na je na duba, da wuya na samu laifin a siminti. Ko dai ba a daɓe ƙasan da kyau ba, ko an cika wa kwaɓin ruwa, ko kuma an zuba an tafi ba a yi bayi ba, wato ba a ci gaba da jiƙa kankaren da ruwa ba. Waɗannan ukun su suka fi kashe aiki, kuma duk cikinsu babu mai cin kuɗi kamar siminti.

Zan yi misali da hanya mai tsawon mita 12 da faɗin mita 3, daga bakin get zuwa inda ake ajiye mota. Kowa sai ya sauya lissafin daidai da filinsa.

1. Fara sanin abin da zai hau kai

Kafin a taɓa diga, zauna ka lissafa motocin da za su riƙa shiga gidan. Motarka kaɗai ce? Ko tankar ruwa tana shigowa? Akwai ginin da ya rage wanda tipa za ta kawo wa yashi? Motar kwashe masai fa, ta ina za ta bi? Amsar nan ita ke yanke kaurin kankaren.

Ƙananan motoci kawai: santimita 10, wato inci 4, shi ne mafi ƙaranci. Idan babbar mota za ta riƙa shiga ko da sau ɗaya a wata: santimita 15, inci 6. Ni dai a gidan zama na fi son santimita 12 da rabi, inci 5, domin babu gidan da ba a wayi gari wata rana an shigo da kaya masu nauyi ba. Faɗi kuwa, mita 3 ya ishi mota ɗaya a buɗe ƙofa a fita cikin walwala. Motoci biyu gefe da gefe suna son mita 5 da rabi zuwa 6.

Gargaɗi: kada birkila ya ce maka inci 2 ko 3 ya wadatar tunda za a sa rodi. Rodi ba ya maye gurbin kauri. Na taɓa ganin wani gida da aka yi wa inci 2, an goge shi sumul har yana ɗaukar ido. Ranar da tankar ruwa ta shiga, tana juya baya kankaren yana ƙara kamar ana taka ƙwaryar da ta bushe, tayar baya ta bar rami biyu. Sai da aka farfasa gabaɗaya aka sake.

2. Duba abin da ke ƙarƙashi da abin da ke gefe

Nemo inda bututun ruwa, wayar wuta da bututun bayan gida suka bi. Idan za su ratsa ƙarƙashin hanyar, a gyara duk mai yoyo yanzu. Kada hanyar ta bi ta kan sokawe ko ramin masai, sai dai in tun farko an yi murfinsu da niyyar ɗaukar mota, wanda ba kasafai ake yi ba.

Ga wata dabara mai araha da mutane ke mantawa: a binne bututun roba guda biyu masu faɗin inci 2 ko 3, babu komai a ciki, su ratsa hanyar daga wannan gefe zuwa wancan, a toshe bakinsu. Gobe idan za ka ja wutar sola zuwa ɗakin maigadi ko ruwa zuwa lambu, sai dai ka zura, ba sai ka fasa kankare ba.

Bishiya ma abin lura ce. Saiwar darbejiya tana tafiya nesa a kusa da saman ƙasa, kuma tana ɗaga kankare a hankali. Ba na cewa a sare bishiya, inuwarta ta fi ƙarfin haka a ƙasarmu, amma a ja hanyar nesa da gindinta gwargwadon iko, a kuma bar mata fili buɗe inda za ta sha ruwa.

Daga bakin get zuwa titi ba filinka ba ne. Idan za ka rufe kwata ko ka yi kwalbati a can, ka tuntuɓi hukumar tsara birni ta jiharka, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Kada kuma ka toshe magudanar ruwan unguwa da gangaren kankare. Damina ɗaya ta isa ta haɗa ka faɗa da maƙwabta.

3. Fitar da gangare

Ruwan da ya kwanta shi ne babban abokin gabar kankare, don haka tun a kan igiya za a yanke inda ruwan sama zai nufa. Ƙa'idar ita ce saukar santimita 2 a kowace mita. A tsawon mita 12 wannan ya zama santimita 24, wanda wani filin ba zai ba da shi ba. In haka ne, sai a karkatar da hanyar gefe guda: a faɗin mita 3, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu da santimita 6, ruwa ya gangara cikin ƙaramar kwata ko wajen shuke-shuke.

A kafa turaku, a ɗaura igiya, a yi awo da siririn tiyo mai garai-garai da aka cika da ruwa, irin wanda birkiloli ke amfani da shi. Ido kaɗai yana yaudara.

Gargaɗi: saman kankaren ya kasance ƙasa da daɓen cikin gida da aƙalla santimita 15, kuma gangaren ya nisanta daga bango. Sannan a buɗe get a rufe, a auna tazarar da ke ƙarƙashinsa. Ba sau ɗaya ba sau biyu ba an gama zubi aka tarar get ya ƙi buɗuwa, sai an kira mai walda ya yanke shi.

4. Haƙa

Zurfin haƙa shi ne kaurin kankare haɗe da kaurin ciko. A misalinmu, kankare 12 da rabi da ciko 15, kusan santimita 28 daga inda igiya ta nuna. A kwashe baƙar ƙasar sama duka, da ciyawa, da saiwoyi, da tsohuwar bola. Duk abin da zai ruɓe, wata rana zai bar kogo.

Ɗebi ƙasar da ka tarar a ƙasan ramin, ka jiƙa, ka murza a tafin hannu. Idan ta yi tsawo kamar igiya ba ta karye ba, laka ce. Laka tana kumbura da damina, ta tsuke ta dare da rani, kuma duk abin da ke kanta sai ya bi motsinta. Mutanen Borno, da sassan Gombe da Adamawa, da duk wanda ya yi gini a fadama sun san wannan baƙar laka. A irin wannan wuri a ƙara zurfin haƙa, a ninka kaurin ciko, kuma gaskiya gara a kira injiniya ya gani da idonsa. Mai jigawa ko jar ƙasa aikinsa ya fi sauƙi.

5. Ciko da daɓe

Nan ne zuciyar aikin, nan ne kuma aka fi yin ha'inci, domin da zarar an zuba kankare babu mai sake ganin abin da ke ƙasa.

A fara daɓe ƙasan ramin kansa. Sannan a kawo burji mai kyau, jan nan mai tsakuwa-tsakuwa, ko dutsen da aka niƙa haɗe da garinsa. Kada a juye shi gabaɗaya a baje. A zuba shi hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 8 zuwa 10. A yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara wani hawan. Yawan ruwan da ake so shi ne wanda idan ka dunƙula burjin a hannu zai tsaya curi, ba ya ɗiga, ba ya kuma wargajewa. Busasshen burji ba ya daɓuwa, wanda ya yi caɓi kuma sai dai ya riƙa gudu a ƙarƙashin inji.

A yi hayar injin daɓe, mai faranti a ƙasa yana girgiza. Hayar yini ɗaya ce, kuma duk cikin kuɗin aikin babu wanda ya fi wannan amfani. Kowane hawa injin ya bi ta kansa sau huɗu ko biyar, a tsaye da kuma a gicciye. Inda ba a samun inji, a yi da madaɓin ƙarfe mai nauyi, amma a rage kaurin hawan zuwa santimita 5, kuma ka tsaya a wurin da kanka, domin aiki ne mai gajiyarwa, lebura yana kaiwa tsakiya hannunsa ke yin sanyi.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: na taka da dunduniyar takalmi da ƙarfi. Idan sawu ya fito, da saura. Wani lokaci nakan sa a shigo da mota a kan cikon, in ga ko taya za ta lotsa shi. A fi mai da hankali ga gefe-gefe, da bakin get, da duk inda aka haƙa ramin bututu aka mayar. Nan ne kankare ke fara zama.

Gargaɗi: ɓaraguzan tsohon gini, da fasassun bulo manya-manya, ba ciko ba ne. Suna barin kogo a tsakaninsu, ruwa ya ja ƙasa ciki, saman ya rasa abin da zai zauna a kai. In dole sai an yi amfani da su, a farfasa su ƙanana a gauraya da burji. Haka nan maganar "a bar shi ruwan sama ya daɓe shi" ba ta wadatar ba. Ruwan sama yana taimakawa, amma ba ya yin aikin inji.

6. Katako da rabon gida-gida

Kafinta ya kafa katako a gefuna, samansa daidai da igiyar gangare, da turaku a bayansa kowane santimita 60 zuwa 90 don kada nauyin kankare ya tura shi. A shafa wa cikin katakon baƙin mai don ya fita da sauƙi.

Kankare yana tsukewa idan yana bushewa, kuma dole ya tsage. Abin da ke hannunka shi ne ka zaɓa masa inda zai tsage. Shi ya sa ake raba hanya gida-gida. A misalinmu, gida huɗu ne, kowane mita 3 da mita 3. A yi ƙoƙari kowane gida ya zama kusan murabba'i, domin dogo siriri yana karyewa a tsakiya. Ga masu kwaɓi a wurin aiki, hanya mafi sauƙi ita ce a zuba gida na 1 da na 3 yau, a cire katakon tsakiya, a zuba na 2 da na 4 gobe ko jibi.

Duk inda kankaren zai haɗu da bangon gida, katanga ko ginshiƙin get, a sa wani abu mai laushi a tsakani, kamar soso ko allo mai taushi na kaurin santimita 1. Bango da hanya kowa motsinsa daban, idan aka manne su ɗaya zai ja ɗaya.

7. Rodi ko waya

Amfanin ƙarfe a nan shi ne ya riƙe tsaga kada ta buɗe baki. Ga ƙananan motoci, wayar raga da ake kira BRC ta isa. Ga hanya mai ɗaukar nauyi, a ɗaura rodi mai milimita 10, tazarar santimita 30 a tsaye da gicciye. Tunda tsawon rodi mita 12 ne, misalinmu zai ci kamar guda 22. Ƙarfen ya tsaya santimita 5 kafin bakin kowane gida.

Gargaɗi: ƙarfen da ya kwanta a kan ƙasa asarar kuɗi ne, tsatsa kawai zai yi. A ɗora shi a kan 'yan guntayen kankare da ma'aikata ke kira biskit, ya zauna a tsakiyar kaurin ko sama kaɗan. Kada ka yarda da "za mu riƙa ɗaga shi muna zubawa". Baro ɗaya ya bi ta kai ya koma ƙasa. A shimfiɗa katako a kai don baro ya bi.

8. Sayen kaya da lissafin kuɗi

Tsawo sau faɗi sau kauri: 12 sau 3 sau 0.125 ya ba da kubik mita 4.5. A ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda zubewa da rashin daidaiton ƙasa, ya zama kusan 5. Da kwaɓin 1:2:4, wato siminti kashi 1, yashi kashi 2, tsakuwa kashi 4, kowace kubik mita tana cin buhu 6 da ɗan ɗori, don haka a tanadi buhu 32 na kilo 50. Idan aka auna da kwanon ɗaukar kankare, wanda buhun siminti ɗaya ke cika biyu, yashi kwano 128, tsakuwa kwano 256, wato kamar tan 7 na dutse. Burji kuwa kamar kubik mita 7, domin yana raguwa idan an daɓe.

Siminti: a duba jikin buhu. Akwai mai lamba 32.5 da mai 42.5, na biyun ya fi dacewa da wannan aiki. Ko Dangote ne, ko BUA, ko Ashaka, abin dubawa shi ne sabo ne ko kwantai. Matsa buhun da hannu, in ka ji curi mai tauri a ciki, bar shi. A ajiye shi a kan katako, nesa da bango, kada kuma a saya watanni kafin aiki.

Yashi: mai kaushi na rafi, ba lallausan nan na shafe ba. Zuba shi a gorar ruwa zuwa rabi, cika da ruwa, girgiza, ajiye na 'yan sa'o'i. Laka za ta kwanta a saman yashin. Idan kaurinta ya kusa kashi 1 cikin 10 na yashin, a nemi wani. Tsakuwa: fasasshen dutse mai girman inci uku bisa huɗu, marar ƙura da ƙasa.

Farashi yana motsi ƙwarai. A farkon 2024 kuɗin siminti ya yi tashin gwauron zabi har gwamnatin tarayya ta kira masu kamfanoni zama. Saboda haka ka ɗauki adadin nan ka je kasuwa ka ji farashin ranar. Jerin abin da za ka sa a lissafi: siminti, tsakuwa, yashi, burji, ƙarfe da wayar ɗauri, katako da ƙusa, hayar injin daɓe da na kwaɓi da man da za su sha, ruwan kwaɓi da na bayin kwana 7, kwashe ƙasar da aka haƙa, da ladan ma'aikata. Ruwa da kwashe ƙasa su aka fi mantawa.

Shawarata a kan biya: ka sayi kayanka da kanka, ka yi jingar aikin hannu kawai, kuma ka riƙe wani kaso sai an gama bayi. Idan ka ba da jinga har da kaya ga wanda ya fi kowa sauƙin farashi, daga buhunan simintinka zai fitar da ribarsa. Araha ba ta ado.

9. Ranar zubi

A fara da sassafe, ana idar da sallar asuba. Zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu duk suna zuƙe ruwan saman kankare kafin ya kama, sai ka ga 'yan tsage-tsage sun fito tun ana wurin. Da damina kuma a tanadi babbar leda a kusa. Tun daren jiya a jiƙa cikon, da safe a sake yayyafawa, ya yi danshi ba tare da ruwa ya kwanta ba, don kada ya shanye ruwan kwaɓin. Inda cikon mai yashi ne sosai, a shimfiɗa leda.

Ma'auni: buhu 1, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Ruwa kuma kada ya wuce jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane buhu, a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. Ka sa mutum ɗaya amintacce wanda ba shi da aikin komai sai ƙirga kwano da lura da ruwa. Injin kwaɓi ya fi hannu nesa ba kusa ba. In da hannu za a yi, a kan daɓe mai tsabta, a juya kayan a bushe sau uku har launinsu ya zama ɗaya kafin a sa ruwa.

Gargaɗi mafi girma a duk jagorar nan: ma'aikata suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda ya fi sauƙin ɗauka da bajewa. Za ka ji ana "ƙaro ruwa, ya yi tauri". Duk ruwan da ya wuce ƙima, idan ya ƙafe ƙananan ramuka yake bari a cikin kankaren, ƙarfinsa ya ragu, samansa ya riƙa gari. Kwaɓi mai kyau idan aka juye shi daga kwano tsibi yake yi ya ɗan zauna. Wanda ya malale kamar kunu ya lalace. Wanda kuma ya fara daskarewa a ƙasa, kada a farfaɗo da shi da ruwa, a zubar.

A zuba daga ƙarshe ana ja da baya, a soka injin girgiza a ciki don iska ta fita, ko a caccaka da guntun rodi, musamman a kusurwa da jikin katako. Duk gidan da aka fara a gama shi a lokacin, ba a tafiya cin abinci a bar rabi. Masu aiki su sa takalmin roba da safar hannu, siminti yana cin fata.

10. Gyaran fuska

Mutum biyu su ja miƙaƙƙen katako a kan katakon gefe suna zuga shi gaba da baya, ya share tudu ya cike kwari. A bi da faifan katako a lallashe. Daga nan a dakata. Ruwa zai taso sama yana ƙyalli, a jira ya ƙafe da kansa kafin a sake taɓawa.

Gargaɗi: kada a barbaɗa busasshen siminti a kan ruwan nan don a samu sulɓi. Ɓawo yake yi, bayan 'yan watanni ya riƙa ɓarewa kamar ƙanzo. Kada kuma a goge hanyar mota da cokalin ƙarfe ta yi santsi irin na ɗaki. Ranar da aka yi ruwa, tsoho ko yaro zai zame. A ja tsintsiya mai tauri a gicciye, ta bar 'yan layuka. A kuma rage kaifin gefuna don kada su riƙa gutsurewa.

Idan an zuba hanyar a haɗe ba gida-gida ba, a yanka layukan da injin yanka da zarar kankaren ya iya ɗaukar mutum ba tare da bakin yankan ya farfashe ba, da yammar ranar ko washegari da sassafe. Zurfin yankan kashi 1 cikin 4 na kauri, kamar santimita 3. Zanen da aka ja da ƙusa ado ne kawai.

11. Bayi

Kankare ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba. Siminti yana ci gaba da haɗuwa da ruwa kwana da kwanaki, kuma da zarar ruwan ya ƙare ƙarfin ya tsaya a inda ya kai. Don haka da saman ya yi taurin da yatsa ba ya lotsa shi, a rufe shi. Buhunan algarara da aka jiƙa sun fi komai, ko yashi mai kaurin yatsa biyu a jiƙe, ko leda da aka danne gefunanta da bulo. Watsa ruwa sau ɗaya da safe a kan kankare tsirara a watan Afrilu ba bayi ba ne, kafin hantsi ya ƙafe. Ana so ya zauna cikin danshi dare da rana har kwana 7 cur. Ka ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki da sunansa, in ba haka ba kowa zai zaci wani ya yi.

A tare wurin daga yara, awaki da kaji a ranar farko. Katakon gefe a cire bayan kwana 2, a hankali, sannan a cike gefen da burji a daɓe don ruwa kada ya riƙa shiga ƙarƙashi.

12. Yaushe mota za ta hau

Ƙafa bayan kwana 2. Ƙaramar mota bayan kwana 7, in ka iya haƙuri zuwa 10 ya fi. Tanka da tipa sai bayan kwana 28, lokacin da kankare ke kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Ka nemi inda za ka riƙa kwana da mota tun kafin a fara aikin, domin matsuwar rashin wurin ajiya ita ke sa mutane su shigo da ita a kwana na uku.

Bayan wata guda, a share layukan da ke tsakanin gida-gida a cike su da kwalta ko abin toshe tsaga mai laushi, ba da siminti ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ruwa yake yi da waɗannan layuka. Kowace shekara kafin ruwan farko a zagaya a duba su, a tuge ciyawar da ta fito, a sake cike inda ya buɗe, a kuma yashe kwatar da ke gefe.